Yawon Buɗe Ido A Tsibirin Sarandib: Abin Da Ya Wajaba Ayarin Musulmi Ya Sani

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Muna gode Masa bisa ga ni'imominSa waɗanda ba su ƙidayuwa, Shi ne Ya shimfiɗa ƙasa, Ya kewaye ta da tekuna, Ya hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa da sararin sama. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu duba wani al'amari wanda iyayenmu ba su san shi ta fuskar da yake a yau ba, watau yawon buɗe ido a cikin ƙaramin ayari. Yadda abin yake shi ne, kamfanin shirya tafiye-tafiye ya tara mutum goma ko goma sha biyu, da wuya su wuce goma sha shida, kowa ya biya kuɗinsa a dunƙule, sa'an nan a ba su mota guda da jagora guda, a yi ta zagayawa da su gari gari har kwana goma ko mako biyu. Daga cikin ƙasashen da suka yi suna a kan wannan harka akwai tsibirin Siri Lanka, wanda Larabawan da suke kira Sarandib. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Indiya sukan ci karo da tallarsa, ma'aikatan gwamnati kuwa sukan yi sha'awarsa in hutun shekara ya zo. Tambayar da ake yi ita ce: shin ya halatta Musulmi ya kashe dukiyarsa a kan irin wannan tafiya, zuwa ƙasar da yawancin abin da za a nuna masa gumaka ne? In ya halatta, mene ne sharuɗɗan?

Tsibirin Da Mutanensa

Siri Lanka tana kudu da ƙarshen ƙasar Indiya, a cikin Tekun Indiya. Girmanta murabba'in kilomita 65,610 ne, watau ba ta kai jihar Barno ba, amma mutanenta sun kusa miliyan 22. Kimanin kashi 70 cikin ɗari mabiya addinin Buda ne, sai mabiya addinin Hindu, sai Musulmi waɗanda suke wajen kashi 10 cikin ɗari, watau sama da mutum miliyan biyu, sa'an nan Kirista. Ta sami mulkin kai daga Ingila a 1948, aka ci gaba da kiranta Silon har 1972 da aka sāke mata suna.

Ayarin yakan sauka a filin jirgin sama na kusa da Kolombo. Daga nan a nufi arewa, inda kufan tsofaffin birane suke, Anuradafura da Folonnaruwa, da dutsen Sigiriya wanda wani sarki mai suna Kashiyafa ya gina fadarsa a bisansa a ƙarni na biyar na Miladiyya. Sa'an nan a gangaro Kandi, mazaunin sarakunansu na ƙarshe waɗanda Ingilishi suka ci a 1815. Daga Kandi a hau tuddai masu sanyi, inda gonakin ganyen shayi suke. Wani Bature, James Taylor, shi ya fara noma shi don ciniki a 1867, Thomas Lipton kuwa ya sayi gonaki a can a 1890, shi ne mai sunan nan da kowane mai shayi na bakin tasha ya sani. Daga tuddai a sauka dazuzzukan giwaye, a ƙare da birnin Gale da bakin teku. Damina biyu gare su: ta kudu da yamma daga Mayu zuwa Satumba, ta arewa da gabas kuwa a ƙarshen shekara. Saboda haka ne aka fi zuwa kudancin tsibirin tsakanin Disamba da Maris.

Musulunci Ba Baƙo Ne A Can Ba

Wanda ya ɗauka cewa zai je ƙasar da ba a san kalmar shahada ba, to, ya sāke tunani. Tun kafin zuwan Musulunci Larabawa suke zuwa Sarandib fataucin lu'ulu'u da hauren giwa, kuma da Musulunci ya zo sai ya biyo wannan hanya ta ciniki, kamar yadda ya shigo ƙasar Hausa ta hannun fatake da malamai. Balazuri ya kawo a littafinsa Futuhul Buldan cewa sarkin wannan tsibiri, wanda ya kira tsibirin yakutu, ya aika wa Hajjaju ɗan Yusufu da waɗansu mata, 'ya'yan fataken Musulmi da suka rasu a ƙasarsa, sai 'yan fashin teku suka kama jirgin a kusa da Daibul. Wannan ne ya zama sanadin aika Muhammadu ɗan Ƙasim ya ci ƙasar Sindi a wajen shekara ta 711. Ashe ke nan tun ƙarni na farko na Hijira akwai gidajen Musulmi a tsibirin.

Musulmin suka riƙe cinikin bakin teku har zuwan Turawan Fotugal a 1505, waɗanda suka zo da tsohuwar gabarsu ta Andalus, suka yi ta tsananta musu. Da aka kore su daga yankin da Fotugal ke mulki a 1626, Sarki Senarat na Kandi, wanda shi mabiyin Buda ne, shi ya karɓe su ya zaunar da dubbai daga cikinsu a gabashin tsibirin, inda zuriyarsu take har yau. Galibinsu harshen Tamil suke yi, kuma sun daɗe suna rubuta shi da baƙaƙen Larabci, daidai da ajaminmu.

A 1883 Ingilishi suka kai Ahmadu Urabi, shugaban sojan Masar da ya yi musu tawaye, zaman ɗaurin talala a Silon, tare da abokansa, har da shahararren mawaƙin Larabci Mahmudu Samil Barudi. Urabi ya zauna har 1901. A zamansa ne ya ƙarfafa wa shugabannin Musulmin wurin gwiwa, irin su Siddi Lebbe, a kan haɗa ilmin addini da na zamani, har aka kafa makarantar Zahira a Kolombo a 1892. A garin Beruwala kuma akwai Jami'a Nalimiyya, wadda wani attajiri mai cinikin duwatsu masu daraja, Alhaji Nalim, ya kafa da dukiyarsa a 1973. Wannan abin koyi ne ga attajiranmu. A cikin kasuwar Fetta ta Kolombo akwai masallacin nan mai ratsin ja da fari wanda aka gama a 1909, a cikin ganuwar Gale kuma akwai masallacin Miran. Yawancin kamfanoni ba su sa waɗannan wurare a tsarinsu sai an nema, don haka sai a nema tun kafin a biya kuɗi.

Hukuncin Tafiyar

Malamai sun ce tafiya tana ɗaukar hukuncin abin da aka yi ta dominsa. Akwai ta wajibi, kamar Hajjin farilla. Akwai ta mustahabbi, kamar sada zumunci. Akwai ta halal, kamar fatauci. Akwai ta makaruhi, ita ce wadda aka yi don wasa zalla. Akwai kuma ta haram, wadda aka yi don saɓo. Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a wurare da dama, kamar a Suratul An'am da Suratul Ankabut da Suratur Rum, da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda halitta ta fara da yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance. Wanda ya tsaya a kan dutsen Sigiriya ya dubi kufan fadar sarkin da ya kashe ubansa don mulki, ya gudu bisa dutse don tsoron ɗan'uwansa, sa'an nan mulkin bai wuce shekara 18 ba, in yana da zuciya mai tunani ya ji wa'azin da ba kowane mai wa'azi ke iya yi masa ba. Hutar da jiki da raha da iyali su ma ba laifi ba ne a shari'a. Saboda haka asalin wannan tafiya halal ne, kuma niyya tagari tana ɗaga ta zuwa ga lada.

Amma fa akwai abubuwa huɗu da suke gabanta. Na farko, Hajji. Mutumin da bai sauke farali ba, kuma kuɗin da ke hannunsa in ya haɗa da abin da yake tarawa za su kai shi Makka, bai kamata ya karkatar da su zuwa Kolombo ba, domin ba shi da tabbacin baɗi. Na biyu, bashin da lokacin biyansa ya yi. Jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, kamar yadda ya tabbata a hadisi. Na uku, ciyar da iyali da zakka: ɗan kasuwar da shekara ta zagayo wa dukiyarsa, ya fitar da hakkin Allah tukuna. Na huɗu, asalin kuɗin. Ma'aikacin gwamnati ya binciki kansa da kyau. In tikitin kyauta ne daga ɗan kwangilar da takardarsa ke kan teburinsa, to, rashawa ce ko da an kira ta alheri. In kuma an rubuta tafiyar a matsayin taron aiki ko ƙaro ilmi alhali yawo ne, an ci dukiyar jama'a, kuma kowane masauki da aka kwana a cikinsa da wannan kuɗi za a tambaye shi ranar gobe.

Mace kuwa, sassaucin da Malikawa suka yi na tafiya cikin amintaccen ayari ba da muharrami ba, sun yi shi ne a kan Hajjin farilla. Yawon buɗe ido bai shiga ciki ba, sai da miji ko muharrami.

Ayari Da Madugunsa

Tafiya cikin jama'a ita ce sunna. Manzon Allah, mai tsira da aminci, ya tsoratar a kan tafiyar mutum shi kaɗai da dare, kuma Abu Dawuda ya ruwaito umurninsa cewa mutum uku in sun fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Fatakenmu na da, masu zuwa Gwanja sayen goro, sun riƙe wannan: ba ayarin da ke tashi sai da madugu, da jagaba, da malamin da ke riƙe musu salla da lissafi. Jagoran da kamfani zai ba ku jagaba ne kawai, ya san hanya da masauki, amma bai san lokacin La'asar ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Lalle ne Musulmin da ke cikin ayarin su zaɓi nasu madugu tun daga gida, mai haƙuri, wanda ya san hukuncin sallar matafiyi, shi zai riƙa magana da jagora a kan tsayawa da tashi.

A nan ne ƙaramin ayari ya fi babba. Motar mutum hamsin ba ta tsayawa don mutum biyu su yi salla, amma ta mutum goma tana tsayawa. Mafi kyau shi ne abokai ko dangi su haɗu su cika ayarin da kansu, su ce wa kamfani ga tsarin da suke so. Wanda ya shiga ayarin da aka haɗa daga ƙasashe dabam dabam, ya sani zai zauna tebur guda da masu shan giya, za a kuma kai shi bakin teku inda tsiraici yake a fili. In ba zai iya kauce wa waɗannan ba, barin tafiyar ya fi masa.

Yarjejeniya da kamfani ijara ce, sharaɗinta kuwa shi ne a san abin da aka biya da abin da za a samu: kwana nawa, wane masauki, abinci sau nawa, kuɗin shiga wurare a kan wa yake. A rubuta kome. Akwai kuma mas'alar kafin alƙalami wanda ba a mayarwa in mutum ya fasa. Mazhabar Imamu Malik ta hana shi, Imamu Ahmad ya halatta, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta ɗauki halattawa a zamanta na 1993, muddin an ƙayyade lokacin jira. Wanda ya so fita daga saɓani, sai ya nemi a rubuta cewa in ya fasa, abin da kamfani ya riga ya kashe dominsa kaɗai za a cire. Biza kuwa a neme ta tun daga gida, a riƙe katin rigakafin shawara, a kuma tambayi halin hanyoyi, domin guguwa da ambaliyar ƙarshen Nuwamban 2025 sun yi wa hanyar jirgin ƙasa ta kan tuddai ɓarna ƙwarai.

Salla A Kan Hanya

Abin da za a fara kiyayewa shi ne alƙibla. Bahaushe ya saba da cewa fuskantar gabas ita ce fuskantar Ka'aba, har kalmomin biyu suka zama ɗaya a bakinsa. To, Siri Lanka tana gabas da Makka, don haka alƙiblarta yamma ce, da ɗan karkatawa arewa. Wanda ya dubi mafitar rana ya kabbara a can, ya ba Ka'aba baya. Agogonsu kuma yana gaba da namu da sa'a huɗu da rabi.

Ƙasaru sunna ce mai ƙarfi a wurin Malikawa, ga wanda tafiyarsa ta kai mil 48, watau kilomita 80 da ɗoriya. Matafiyi yana ci gaba da mayar da mai raka'a huɗu biyu matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda ba. Tun da yake irin wannan ayari dare ɗaya ko biyu yake yi a kowane zango, ƙasaru za a yi ta yi har a komo, ko da tsakanin wani zango da wani bai kai mil 48 ba. In an shirya zaman kwana huɗu ko fiye a bakin teku a ƙarshen tafiya, to, da isa can sai a cika salla. Sai dai a lura, malaman mazhaba sun karhanta ƙasaru ga mai tafiyar wasa zalla, sun hana ta ga mai tafiyar saɓo. Ashe gyaran niyya yana shafar har adadin raka'o'in mutum.

Haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Lisha, sauƙi ne da aka yi wa matafiyi a kan tudu. In rana ta karkata kuna zango, kuma kun san ba za ku sauka ba sai bayan faɗuwarta, sai ku haɗa su kafin ku tashi. In kuwa ta karkata kuna cikin mota, kuma za ku sauka kafin ta yi ja, sai ku jinkirta Azahar ku haɗa ta da La'asar.

Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, amma in ya halarta ta isar masa, kuma hasara ce mutum ya ƙetare teku ya kasa yin sahu da 'yan'uwansa. Juma'a ranar aiki ce a can, sai a gaya wa kamfani ya sa ayarin ya kasance a Kolombo, ko Kandi, ko Gale, ko Beruwala a wannan rana. Musulmin tsibirin Shafi'awa ne galibi. Za ka ji liman ya bayyana bisimilla, ka ga an yi ƙabalu, a Asuba kuma a yi alƙunutu a bayyane bayan ruku'u ana ɗaga hannu. Duk wannan fiƙihu ne ingantacce, salla a bayansu ta inganta, kada wani ya ja da baya. Matafiyin da ya bi liman mazaunin gari kuwa, huɗu zai cika.

Abinci

Abincinsu shinkafa ce da miya mai yaji da madarar kwakwa, da kifi mai yawa. Duk abin da ya fito daga teku halal ne a wurin Malik da Shafi'i, haka kayan lambu. Nama ne abin lura, domin yankan mabiyin Buda ko na Hindu bai halatta ba, tun da su ba Ma'abota Littafi ba ne. Da yawa daga mahautan ƙasar Musulmi ne, gidajen abincin Musulmi kuma ba su da wuyar samu a manyan garuruwa, amma a babban masauki sai an tambaya, domin ana dafa naman alade a ɗakin girki guda. Ruwan ɗanyar kwakwa da ake sayarwa a bakin hanya halal ne. Amma akwai ruwan da suke tatsa daga furen kwakwa, wanda in ya kwana yakan zama kamar bammi, daga gare shi kuma suke yin barasar da suke kira arak. Sau da yawa akan miƙa wa baƙo don ɗanɗano da sunan al'ada. Ranar da wata ya cika, watau wajen 14 ko 15 ga watan Musulunci, ranar hutu ce a wurinsu kowane wata, ba a sayar da giya ko nama.

Shiga Gidajen Bautarsu

Rabin abin da ke cikin tsarin tafiyar wuraren bauta ne: kogunan Dambulla masu cike da gumakan Buda, da ɗakin da suke ajiye abin da suka ce haƙorin Buda ne a Kandi. Malamai sun yi saɓani a kan shiga irin waɗannan wurare. Waɗansu sun karhanta saboda siffofin da ke ciki, waɗansu sun yi rangwame ga mai shiga don dubawa da ɗaukar darasi. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin yin tarayya cikin ibadarsu. Kada ka karɓi fure ka ajiye a gaban gunki, kada ka kunna fitila ko turare, kada ka haɗa tafuka ka sunkuya, kada ka miƙa hannu a ɗaura maka zaren da aka yi wa tofi. Jagora zai ce maka girmamawa ce kawai. A wurinsu ibada ce, kuma abin da yake ibada ga wanin Allah ba ya zama wasa a hannun Musulmi. Cire takalmi da rufe jiki dokar wurin ce, ba kome a cikinta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya jira a waje, bai rasa kome ba. A Sigiriya ma akwai zanen mata marasa sutura a jikin dutse, ana iya wucewa ba a tsaya ba.

A ɗaya gefen kuma, Allah Ya hana mu, a aya ta 108 ta Suratul An'am, zagin abin da waɗansu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah a kan jahilci. Kada a yi dariya, kada a yi nuni da yatsa, kada a juya wa gunki baya don ɗaukar hoto, domin suna ɗaukar haka cin mutunci, har hukuma takan kama mutum. Kai kwana goma za ka yi ka tafi, wanda zai ɗauki sakamakon wautarka shi ne ɗan'uwanka Musulmi mai kanti a bakin wannan hanya.

Dutsen Annabi Adamu

Wannan shi ne wurin da ya fi jan hankalin Musulmi, shi ne kuma ya fi bukatar bayani. Dutse ne mai tsawon mita 2,243, a kan ƙololuwarsa akwai wani gurbi mai kama da sawun ƙafa, wanda ya kusa tsawon mutum. Mabiya Buda sun ce sawun Buda ne, mabiya Hindu sun ce na abin bautarsu Shiba ne, Musulmi da yawa tun da can sun ce nan ne Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya fara taka ƙasa da aka sauko da shi. Ibn Baɗuɗa, Bamagaribe mai yawon duniya, wanda daga baya ya zo Takadda ta ƙasar Nijar ta yau a 1353 har ya ambaci Gobir, ya hau dutsen a 1344. Ya ce sarkin da ya sauke shi ya haɗa shi da masu rakiya da masu ɗaukar guzuri, ya kuma siffanta hanyoyi biyu, ta Baba da ta Mama, watau Adamu da Hauwa'u, da sarƙoƙin ƙarfe goma da mai hawa ke kamawa.

To, mene ne matsayin labarin? Alƙur'ani ya faɗi saukowar Adamu, bai faɗi wurin ba, kuma babu hadisi ingantacce daga Manzon Allah da ya ambaci Sarandib. Abin da Ɗabari da waninsa suka kawo zantuka ne na magabata, irin waɗanda ake kyautata zaton an samo su daga Ma'abota Littafi, ba a gina aƙida ko ibada a kansu. Ga kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito a kan keɓe masallatai uku da ɗaura niyyar tafiya don ibada: na Makka, da na Madina, da na Ƙudus. Malamai sun yi dogon zance a kan faɗin ma'anarsa, amma ba wanda ya ce hawan wannan dutse yana da lada na musamman. Saboda haka mai ƙarfin gwiwa ya hau don ganin ikon Allah da tuna tarihi, ba laifi. Amma kada ya kira shi ziyara, kada ya shafi sawun, kada ya buga ƙararrawar da masu bauta ke bugawa, domin wurin a yau ɗakin bautar Buda ne. Matakalai sun fi 5,000, ana hawa ne da tsakar dare tsakanin Disamba da Mayu don a riski fitowar rana a sama, watau ke nan Asuba a can za ta same ka, cikin sanyi da cunkoso. A tanadi ruwan alwala da rigar sanyi, a nemi gefe a yi salla kafin rana ta fito. Tsoho da mai ciwon zuciya su haƙura.

Ga 'Yan Kasuwa

Sarandib ƙasar yakutu ce har gobe. Ana haƙo shi a Ratnafura, babbar kasuwarsa kuwa tana Beruwala a hannun Musulmi. Kowane ayari akan bi da shi kantin duwatsu da gonar kayan yaji, kuma sau da yawa jagora yana da la'adarsa a kan abin da baƙo ya saya. Dillanci halal ne, amma mai saye ya san cewa wanda ke yaba masa kaya yana da rabo a ciki. Dutsen da aka gasa da wuta don launinsa ya fito bai kai darajar wanda ba a taɓa ba, ga kuma na ƙira wanda idon baƙo ba ya rarrabewa. Hukumar ƙasar mai kula da duwatsu masu daraja tana gwadawa ta ba da takarda, kada a sayi mai tsada sai da ita. In ka kawo gida za ka sayar, wajibi ne ka bayyana abin da aka yi wa dutsen, domin ɓoye shi algus ne.

Halin Da 'Yan'uwanmu Suka Shiga

Bai dace baƙo ya ci ya sha a garin ɗan'uwansa bai san abin da ya same shi ba. A yaƙin basasar 1983 zuwa 2009, 'yan tawayen Tamil sun kashe masallata fiye da 140 a masallatan Kattankudi a Agustan 1990, a Oktoban wannan shekara kuma suka kori wajen Musulmi dubu 70 daga arewacin tsibirin. An kai wa gidaje da kantunan Musulmi farmaki a Alutgama a 2014, da yankin Kandi a 2018. A ranar Ista ta 2019 waɗansu 'yan ta'adda masu da'awar Musulunci suka tayar da bama-bamai a majami'u uku da manyan masaukai uku, suka kashe mutum fiye da 250; malaman ƙasar sun la'anci wannan ta'asa, amma jama'ar Musulmi ce ta sha ramuwar. A lokacin annobar korona gwamnati ta tilasta ƙone gawa, har ta Musulmi, daga 2020 zuwa Fabrairun 2021, sai a 2024 ta nemi gafara. Saboda haka baƙo ya kame bakinsa daga siyasarsu da gardamar addini, ya gaishe su, ya saya a kantunansu, ya sa abin da ya sawwaƙa a asusun masallatansu da makarantunsu.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma sai ga wanda ya tafi da idonsa da addininsa. Wanda ya sauke Hajji, ya biya bashi, kuɗinsa na halal ne, ya sami abokan tafiya masu salla, ya tafi Allah Ya kiyaye hanya. Wanda ɗaya daga cikin waɗannan ya gagare shi, ya dakata har Allah Ya hore.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare matafiyanmu a tudu da ruwa da sama, Ya taimaki 'yan'uwanmu na Sarandib da na ko'ina. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum.